Tsakanin Gyangyaɗi da Firgita



Duk wanda ya taɓa ganin huɗar shanu a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya ya san abu guda. Sa in ya yi sanyi, sai ya ja garma da ƙyar. In kuma aka cika masa bulala, sai ya firgita ya bar kan kunya. Aiki mai kyau yana tsakanin nan biyu. Manomi ya daɗe da sanin wannan, masana kuwa daga baya suka auna shi.

A shekarar 1908, Robert Yerkes da John Dodson na Jami'ar Harvard a Amurka suka koya wa ɓeraye zaɓen farin akwati su bar baƙi. Wanda ya yi kuskure, lantarki ya ɗan ja shi. Suka ga cewa in bambancin akwatunan a fili yake, ƙarin zafi yakan gaggauta koyo. Amma in bambancin kaɗan ne, har sai an lura sosai, to zafi mai yawa ɓata koyon yake yi.

A 2005 kuma, Gary Aston-Jones da Jonathan Cohen suka bayyana abin da aka gano a jikin birai. Akwai wani ɗan gungu a gindin ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadarin da ke farkar da jiki. In aikinsa ya yi ƙasa, biri ya shiga gyangyaɗi. In ya daidaita, biri ya duƙufa kan aikin da aka sa shi. In ya wuce kima, sai ya yi ta waige-waige yana neman wani abu dabam. Wato dabbar da ta bar aiki, ba kullum lalaci ba ne, wani sa'in zabura ce ta yi mata yawa.

To, jama'a, mu a nan Kongo shari'a da mulki muke karanta, duka aiki ne mai bukatar lura. Wanda ya kwana bisa goro da kofi da tsoron faɗuwa, ya shiga ɗakin jarrabawa jiki na rawa, shi ya yi wa kansa bulalar. Ku kuma da za ku riƙe ofisoshi gobe, ku tuna da akawunku. Tsawa takan sa a ɗauko fayil da sauri, amma ba ta sa a rubuta rahoto daidai.

Allah Ya ba mu sa'a.