Ɗan Kifin Indiya da Raunin Ka

Yau maganarmu a kan raunin ka ne, amma da kifi za mu soma.

A fadamun shinkafa na ƙasar Indiya akwai wani ɗan kifi, tsawonsa bai kai inci biyu ba, jikinsa da zane kamar na jakin dawa. Turawa suna ce da shi zebrafish. Masana suna kiwonsa cikin akwatunan gilashi saboda wani abin mamaki: in an soki ƙwaƙwalwarsa da allura, bayan 'yan makonni sai wurin ya cike, ya koma aiki.

Ku sani, jikin kowane mai rai da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A 2011, a birnin Dresden na Jamus, Michael Brand da abokan aikinsa suka nuna cewa cikin ƙwaƙwalwar kifin nan akwai waɗansu ƙwayoyi da ke ajiye kamar iri a rumbu. Da rauni ya samu sai su farka, su hayayyafa, 'ya'yansu su tafi bakin ciwon su zama sababbin ƙwayoyin jijiya. To, me ke tashe su? A 2012 aka gane kumburin ne da kansa. Yana sakin wani sinadari, leukotriene C4, wanda ke ba su umurni. Da aka danne kumburin da magani, sai gyaran ya ragu ƙwarai.

Mu 'yan Adam ba haka muke ba. Raunin ƙwaƙwalwarmu tabo yakan yi, abin da ya mutu kuwa da wuya a sami madadinsa. Har yanzu binciken nan bai haifi magani ba. Saboda haka in mai talla ya ce yana da maganin tsiro da ƙwaƙwalwa, ku riƙe kuɗinku. Cin kifi ma yana gina jiki, amma wannan ba aikinsa ba ne.

In mutum ya faɗo daga itace ko babur ya bugu a ka, ku duba shi sosai kwana biyu. In yana amai, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne, ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi, kada ku jira gari ya waye. Ku ɗauke shi bisa katako, wani ya riƙe kansa kada wuyan ya motsa, ku kawo mana shi asibiti. Kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa.