Makaɗan Amo da Waƙar Sanyi



A birnin Shefil na ƙasar Ingila aka kafa ƙungiyar makaɗan nan Def Leppard, waɗanda suka shahara da kiɗan jita mai tsananin amo. Amma waƙarsu ɗaya tak ta taɓa hawa kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka, wato "Love Bites", a 1988. Ita kuwa waƙa ce mai sanyi a kan raɗaɗin soyayya. Ashe ranar da suka sassauta murya suka faɗi ciwo aka fi saurarensu.

Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san ciwon da ya wuce na soyayya. A Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Mun iya jawabi mai amo, mun iya takardar ƙorafi. Sai dai in mun koma hutu, ko mun kama aiki, mu zauna gaban iyayenmu manoma, mu rage murya, mu ji abin da suka rasa, mu rubuta shi da sunayensu.