Wa Ke Da Hannun Jari a Kogin Haɗejiya?



Maƙasudin tsayuwata a gabanku yau shi ne in yi magana a kan wata kalmar Turanci guda ɗaya mai harufa biyar, watau stake, wadda ta daɗe tana wahalar da masu fassara. Bature yakan kira kuɗin da ɗan caca ya aza da wannan suna. Yakan kira rabon da mutum ya mallaka a kamfani da shi. Haka kuma idan attajiri ya ba yaronsa abin da zai fara sana'a, da wannan kalma za a faɗa. Bahaushe kuwa ya ba kowanne sunansa: wannan kuɗin caca ne, wannan hannun jari ne, wancan kuma jari ne da ubangida ya bayar. Malamanmu na zaure ma suna da sunan na ukun a littattafan fiƙihu, watau ƙirali, inda ɗaya ke kawo dukiya, ɗaya ya kawo ƙarfinsa, su raba abin da aka samu bisa sharaɗin da suka ƙulla tun farko.

Rikicin bai tsaya a ƙamus ba. A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ta tilasta wa wasu kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan Nijeriya kashi 40 cikin ɗari na mallakarsu. A 1977, zamanin Janar Obasanjo, aka ɗaga rabon wani rukuni zuwa kashi 60. An soke dokar a 1995, amma a zamaninta ne jama'a da yawa suka fara jin zancen hannun jari. Kakana, wanda ya yi fataucin busasshen kifi daga Haɗejiya zuwa Kano, an kawo masa takardar saye ya ƙi karɓa. Hujjarsa ita ce, duk kuɗin da za ka ajiye ka koma gida ka jira ko ya haihu ko ya mutu, ba ka ga haja ba, ba ka ga mai juya ta ba, to, caca ce aka sa wa babbar riga. Ga kuma wata matsala ta rubutun boko, inda ribar ciniki da riba ta kuɗin ruwa suke fitowa da harufa iri ɗaya, sai mai karatu ya rasa wadda ake nufi.

Ni dai ina ganin kakana ya yi kuskure, ko da yake ba kuskuren wawa ba ne. A caca, abin da Audu ya ci shi ne abin da Tanko ya rasa, ba a noma ko ƙwayar gero a tsakani ba. Mai hannun jari kuwa yana da rabo a masaƙa ko injin casa wanda ke aiki yana fitar da kaya. Amma waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari kafin faɗuwar kasuwar a 2008, ba tare da sanin abin da kamfanonin ke sayarwa ba, lalle sun yi kusa da abin da tsohon ya ji tsoro.

To, yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Daga wannan kalma aka samo stakeholder. Asalinta a Ingila sunan mutumin da 'yan caca biyu ke damƙa wa kuɗinsu ne ya riƙe har a ga wanda ya ci, watau mutumin da babu ruwansa da ci ko faɗuwa. Daga baya, musamman bayan littafin da wani masani Ba'amurke, Edward Freeman, ya wallafa a 1984, sai ma'anar ta juye, ta koma duk wanda sha'ani ya shafa. Mu kuma muka fassara ta da "masu ruwa da tsaki". Fassarar tana da daɗi a kunne. Sai dai a fahimtata, ruwa da tsaki abin da ake zuba wa 'yan tsaki ne, saboda haka mai ruwa da tsaki shi ne mai ɗawainiya da abu, mai faɗa a ji a kansa. Wanda zai kwana da yunwa idan abin ya ɓaci bai shiga cikin wannan suna ba.

Ku dubi ƙasarmu. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Tun daga nan, yawan ruwan da zai malala a fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, har zuwa Nguru, ya koma abin da ake yankewa a ofis. Manomin shinkafa a fadama yakan yi shuka da ruwan sama na farko, ya jira cikar kogi. In ruwa ya zo da wuri da ƙarfi, ya nutsar da shuka. In ya makara ko ya gaza, rana ta ƙone ta. Ya aza irinsa da takinsa da bashin da ya ci wurin dillali, alhali ba shi ke riƙe da makullin madatsa ba. Bugu da ƙari, sakin ruwa rani da damina ya hana hanyoyin ruwa bushewa kamar dā, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta zama mafakar jan-baki masu cinye hatsi. Masunci ya rasa inda zai jefa taru, makiyayi ya rasa burtali. Binciken da Barbier da Adams da Kimmage suka wallafa a 1993 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, ta noma da su da itace, a kan daidai wannan ruwa idan aka tare shi don noman rani a sama.

Bayan ambaliyar 2022, wata ƙungiya ta kira taron masu ruwa da tsaki a wani otal. Na je ne a matsayin mai ɗaukar wa wani malami jaka. Na ga injiniyoyi da daraktoci da 'yan jarida. Ƙanin mahaifina, wanda ruwa ya cinye masa gonaki biyu da rumbu, bai ji labarin taron ba sai a rediyo. Da na duba ɗakin sai na tuna da ma'anar kalmar ta farko, domin yawancin mahalarta masu riƙon kuɗin cacar ne, albashinsu na nan ko kogi ya cika ko ya ƙafe.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana da za su shiga aikin gwamnati, da waɗanda za su zauna a ɗakunan fassara na gidajen rediyo, idan kalmar ta zo gabanku ku tambayi mai takardar wanne yake nufi. In masu iko ne, a rubuta masu ruwa da tsaki. In masu kuɗi ne, a rubuta masu hannun jari. In kuwa manoma da masunta da makiyaya ne, ina ba da shawarar a ce "masu abin asara", a kuma buɗe musu nasu shafi a takardar gayyata. Na miƙa wannan shawara a rubuce ga kwamitin fassara na ƙungiyarmu, ina fata za a tattauna ta a zama mai zuwa.