Da Me Za Mu Auna Tallafin Kare Daji?



A 2008 Gwamna Liyel Imoke ya hana saran itace a kurmin Kuros Riba. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa Nijeriya dala miliyan 4, domin itatuwa su ci gaba da shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. An yi taruka, an cika takardu, an takura wa ƙauyawa, amma motocin katako ba su daina fita ba. A 2023 aka janye hanin.

Ban taɓa ba ɗalibi maki saboda tsadar alƙalaminsa ba. Ina roƙon ƙungiya, duk mai tallafin da ya zo mana, ya ƙirga mana itatuwan da suka rayu bayan shekara 5, da abin da ya shiga aljihun manomi.