Ba a fafe gora ranar tafiya: jawabi kan na'urar da ke ba mata shawara tun kafin ciki



Babu ɗan kasuwar da ke tashi daga Maraɗi zuwa Kwatano ko Lome bai duba takardunsa da guzurinsa da lafiyar motarsa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Amma akwai wata tafiya ta wata tara, mai ɗauke da rai biyu, wadda mata da yawa ke shiga ba shiri. Mace ba ta zuwa awo sai ciki ya yi wata uku ko huɗu, wata ma kunya kan hana ta har sai ya fito fili. Alhali kuwa tushen ƙwaƙwalwar ɗan tayi da lakar gadon bayansa suna haɗewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da uwar ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. In aka samu tangarɗa a nan, sai a haifi jariri da buɗaɗɗen baya, ko babu cikakkiyar ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka bayyana a Ingila a 1991 ya nuna cewa bitamin B9, wato folik asid, yana rage maimaituwar wannan lahani da kimanin kashi 70 cikin 100. Shi ya sa ake son mace ta fara shan mikrogram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin ɗaukar ciki. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake rabawa wurin awo suna ɗauke da shi, sai dai sukan iso bayan lokacin ya wuce.

To, wa zai sanar da mace wannan, tunda mai lafiya ba ta zuwa likita? Amsar wannan tambaya ce wasu masana na birnin Boston a Amurka suka nema. Dokta Brian Jack na jami'ar Boston, da Timothy Bickmore na jami'ar Northeastern, da abokan aikinsu, suka ƙera wata mai ba da shawara a cikin kwamfuta, suka raɗa mata suna Gabby. Zane ne mai motsi na wata matashiya baƙar fata, tana magana da murya, mace kuma tana zaɓen amsarta daga jerin da aka nuna mata. Domin baƙaƙen matan Amurka aka yi ta, saboda mutuwarsu sanadin ciki da haihuwa ta kusa ninka ta fararen mata sau uku. Gabby tana tambayar mace kan abubuwa 102 da ke iya cutar da ciki, tun daga abinci da taba da alluran rigakafi, har zuwa ciwon sukari da hawan jini da dukan da ake sha a gida. Daga nan sai ta jera mata nata matsalolin, su riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya.

A 2020 mujallar Lancet Digital Health ta buga sakamakon gwajin da aka yi da mata 528 masu shekara 18 zuwa 34, daga jihohi 35. Rabi aka haɗa su da Gabby, rabi aka aika musu takardar da ke jera matsalolinsu tare da shawarar su ga likita. Bayan wata shida, masu Gabby sun ce sun kama gyaran matsala 50 cikin kowace 100, ƴan takarda kuwa kimanin 43. Ribar ta tabbata, amma ba ta kai a buga tambari ba, kuma abin da matan suka faɗa da bakinsu aka auna, ba lafiyar jariran da suka haifa daga baya ba.

Labarin bai tsaya Amurka ba. A ƙasar Lesoto, kudancin Afirka, ma'aikatan lafiya sun ɗauki Gabby, suka sake mata suna zuwa Nthabi, suka sake mata kama da darussa daidai da matsalolin ƙasarsu, suka sa ta cikin wayar salula. Ke nan ba sayo na'ura ba ne aikin, saƙa mata rigar gida shi ne aikin.

Nijar fa? Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna cewa mata 14 kacal cikin 100 ke iya karatu, kuma 76 cikin 100 an aurar da su kafin shekara 18. Saboda haka duk ranar da wani ya zo wa hukuma da irin wannan haja, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a yi masa kafin a sa hannu. Ta farko, da wane harshe take magana? In ba ta jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, da murya ba da rubutu ba, to ta matan ofis ce kawai. Ta biyu, wa ya tsara abin da take faɗi? Kalaman Gabby masana lafiya ne suka rubuta su, alhali wasu sababbin na'urorin hira kan shara ƙarya ba ko ƙifta ido. Ta uku, ina sirrin mace ke zuwa, a gidan da waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida? Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi: in na'ura ta ce a je a auna jini, akwai abin awon a likitar ƙauye? In ta ce a sha ƙwaya, akwai ƙwayar? Shawara ba magani kamar rasit ne ba kaya.

Maigida ma yana cikin lissafi. Makarantun mazaje da aka buɗe a jihar Damagaram a 2008, da taimakon hukumar UNFPA, sun ginu ne bisa sanin cewa sau da yawa izinin zuwa likita da kuɗin mota a hannun miji suke.

Kafin na'ura ta iso, abin da za ta faɗa sananne ne, kuma kowane magidanci na iya kai shi gida yau. A auna jinin saurayi da budurwa kafin aure, domin in dukansu suna ɗauke da irin amosanin jini, kowane ciki na da kasadar ɗaya cikin huɗu. A duba hawan jini da sukari da sida. A cika allurar tetanus. A guji kunika, domin hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin sabon ciki. A fara folik asid tun ciki bai shiga ba.

Manomi ba ya jiran ruwa ya sauka sannan ya share gona. Allah ya raba mata da cikinsu lafiya, ya raya abin da suka haifa.