Mayar da Tsohuwar Motar Tsere Mai Ja da Ƙafa Huɗu: Abin da Aikin Ya Ƙunsa da Amfaninsa a Hanyoyin Filato

Lacca da aka gabatar a Jos gaban kanikawa da ɗaliban aikin injiniya da masu sha'awar motoci

Gabatarwa



Wannan lacca ta shafi wani aiki da masu sha'awar tsofaffin motoci kan tuntuɓi kanikawa a kansa, wato ɗaukar motar tsere da aka ƙera tana ja da ƙafa biyu a mayar da ita mai ja da ƙafafunta huɗu. Motar tsere a nan ita ce ƙaramar mota mai ƙofa biyu, mai kusa da ƙasa, wadda aka ɗora wa inji mai ƙarfi domin gudu da iya shan kwana a kan kwalta. Tambayar tana da dalili a Jos, domin garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa sun haura mita 1,800, damina kuma takan ɗauko daga Afrilu har Oktoba, ta mayar da hanyoyin gonakin dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da tsofaffin hanyoyin haƙar kuza na Bukuru da Barikin Ladi jar laka mai santsi. Matsayin laccar shi ne cewa aikin mai yiwuwa ne, amma sake ƙera mota ne daga ƙasanta, kuma ribarsa ta tsaya ga tashi da hawa, ba ta kai ga tsayawa da gangara ba.

Yadda ƙarfin inji ke isa ga ƙafafu

A yawancin tsofaffin motocin tsere inji yana gaba, an shimfiɗa shi a tsaye daga hanci zuwa ciki, ƙarfinsa yana bi ta kuloci zuwa akwatin giya, daga nan farfela, wato doguwar sandar ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota, ta kai shi aksil ɗin baya. A tsakiyar aksil akwai difaransha, wadda tarin haƙoran ƙarfe ce da ke raba juyi tsakanin ƙafar dama da ta hagu, tana barin ta waje ta fi ta ciki sauri a lokacin shan kwana, tun da tafiyar da ke gabanta ta fi tsawo.

Idan ana so ƙafafun gaba su ma su ja, sai an ƙara akwatin rabo a bayan akwatin giya, da farfela ta biyu da za ta koma gaba, da difaranshar gaba, da shaf biyu masu gaɓoɓin da ke lanƙwasa tare da sitiyari. A nan ne ake bambanta tsari biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne na jif da a-kori-kura, inda direba ke ɗaure gaba da baya da hannunsa idan ya shiga taɓo ko yashi, kuma wajibi ne ya kwance su idan ya hau kwalta, domin a kwana ƙafafun gaba suna zaga da'ira mafi faɗi fiye da na baya, kuma idan an tilasta musu juyi ɗaya sai ƙarafan su riƙa murɗewa har wani abu ya karye. Na biyu, wanda ya dace da motar tsere, shi ne na dindindin, inda ake sa difaransha ta uku a tsakiya, ko wani kuloci mai aiki da ruwan silikon mai kauri, domin gaba da baya su ja tare alhali kowanne yana da 'yancin saurinsa.

Abin da tarihi ya nuna

Kamfanin Jensen na Ingila ne ya fara sayar da motar tsere mai wannan tsari a 1966, lokacin da ya ɗauki samfurin Interceptor ya haɗa shi da fasahar kamfanin Ferguson, ya fitar da Jensen FF mai ba gaba kashi 37 na ƙarfin inji, baya kashi 63. Kafin kayan su sami wurin zama sai da aka ƙara tazarar ƙafafun gaba da na baya da kimanin santimita 10, kuma akwatin rabo ya cinye ɓangaren hagu na cikin motar har ya gagara a yi mata sitiyari a hagu, abin da ya rufe mata kasuwar Amurka, aka tashi da guda 320 kacal zuwa 1971. Audi ya kauce wa wannan matsala a 1980 da samfurin Quattro, inda ya ratsa da sanda ta cikin wata sanda mai rami a akwatin giya, ya kuma ci kambun duniya na tseren daji a 1982 da 1984. Porsche shi ma ya mayar da samfurin 911 mai ja da ƙafa huɗu ya ci tseren Faris zuwa Dakar a 1984 da direba René Metge, tseren da a wancan lokaci yake ratsa Agadas, amma sai a 1989 ya saki 911 mai irin wannan tsari ga masu saye da sunan Carrera 4, bayan ya sake fasalin mafi yawan sassan motar.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Arewa shi ne na Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta cika hanyoyin ƙasar nan da ita. Wani injiniya Bafaranshe, Henry Dangel, ya kafa kamfani a garin Sentheim a 1980 yana karɓar 504 doguwa da a-kori-kura yana sa musu akwatin rabo da difaranshar gaba, yana kuma ɗaga su daga ƙasa, da yardar kamfanin Peugeot. Abin lura shi ne bai taɓa mai da hankalinsa kan 504 mai ƙofa biyu ba, ya zaɓi masu tsayi da fili a ƙasa. Haka kuma 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ƙanwarta mai ƙofa biyu da inji V6 ta sake ci a 1978, dukansu da ƙafafun baya kaɗai suke ja, abin da ke nuna cewa sifirin mai kyau da taya mai kyau da gwanin direba sun daɗe suna ratsa lakar Afirka. A wannan zamani ma, Mustang ƙirar 1965 da marigayi Ken Block ya fito da ita a 2014 mai ƙarfin doki 845 tana ja da ƙafa huɗu, fatar jiki kawai ta gada daga tsohuwar motar, domin an gina mata sabon ƙashi na bututun ƙarfe, an sa mata akwatin giya na motocin gasa.

Aikin a cikin gareji

Matsala ta farko ita ce wuri. Inda difaranshar gaba da shaf ɗinta za su zauna, nan ne kaskon baƙin mai da gindin inji da sandar sitiyari suke, shi ya sa BMW a samfurin 325iX na 1985 da Mercedes a 4Matic na W124, motar da aka sani a nan da Bi-but, suka ratsa da shaf ta cikin kaskon man kansa. Mercedes har sai da ya lanƙwasa sifirin ɗin gaba domin shaf ya sami mashiga. Wanda ya ɗaga inji domin samar da wuri ya ɗaga nauyin mota sama, ya kuma lalata abin da ya sa ake kiranta motar tsere, wato lafewa a kwana. Sannan dole a yanke kwarin da ke tsakiyar daɓen mota a faɗaɗa shi, alhali a motar da ba ta da shasi daban daɓen nan shi ne ƙashin bayanta, kuma a motar da ta shekara 30 ko 40 tsatsa ta riga ta ci rabonta, walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe kuwa ba ta riƙo.

Idan motar mai ja da gaba ce, kamar Golf, inda inji yake a gicciye, wahalar takan koma baya, domin tankin mai da bututun hayaƙi da dukan aksil ɗin baya sai sun tashi kafin farfela da difaransha su shiga. Volkswagen ya yi wa Golf Syncro na 1986 daɓen baya nata na daban saboda wannan dalili, kuma lokacin da ya so ɗaga ta sama a 1990 sai ya aika da ita masana'antar Steyr-Daimler-Puch a Graz ta ƙasar Ostiriya, kamfanin da ya kafa masana'antar harhaɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi.

Matsala ta biyu ita ce lissafi. Kowace difaransha tana da adadin juyin da farfela za ta yi kafin ƙafa ta zaga sau ɗaya, kuma a tsarin da aka saba wajibi ne na gaba da na baya su zo daidai. Idan aka tsinto ta gaba mai 3.64 a kasuwar kayan gyara ta Dilimi aka haɗa da ta baya mai 3.91, an bar saɓanin kusan kashi 7 cikin 100 wanda difaranshar tsakiya za ta yi ta haɗiya a kowace kilomita, ta yi zafi, ta ƙone. Haka nan tayoyin huɗu dole su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, sharaɗin da ya ci karo da al'adar sayen tayar Baljiyam ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka hanyar da ta fi aminci ita ce a sami 'yar'uwar motar da masana'anta ta ƙera da ƙafa huɗu tun asali, a saye ta sukutum, a kwashe akwatin giya da akwatin rabo da gindin inji da kaskon mai da aksil da birki da wayoyi a dasa. Motar da ba ta da irin wannan 'yar'uwa aikinta ya wuce kwance da ɗauri, ya zama na zane da awo da injin sassaƙa ƙarfe, wanda ke buƙatar injiniya ya tsaya tare da bakanike tun daga farko.

Abin da ake samu da abin da ba a samu

Riƙon da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka, kuma idan ƙarfin inji ya wuce wannan iyaka sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Raba ƙarfin ga taya huɗu yana rage wa kowacce kaya, shi ya sa motar ke tashi ba zamiya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, take kuma hawa tudun laka da mai ƙafa biyu za ta kafe a kansa. Iyakar ribar ke nan. Kowace mota, ko da ƙafa nawa take ja, da ƙafa huɗu take taka birki, don haka sabon tsarin bai rage ko taku ɗaya daga tazarar tsayawa ba, hasali ma nauyin da aka ƙara, wanda kan kusanci kilo 100, ƙara wa birki aiki yake yi. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cin rayuka a hanyoyin Filato, wato Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga, gangara ce mai kwana, inda birki da taya da sauko da giya suke ceton rai, kuma direban da ya saba jin mota ta kama ƙasa wajen tashi yakan shiga irin wannan wuri da gudun da ya fi ƙarfin tayarsa.

Akwai kuma hasarar ƙarfi. Iskar tudu ba ta kai ta gangare kauri ba, kuma ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato kusan kashi 12 a Jos idan an kwatanta da Legas. Ƙarin haƙora da gaɓoɓi suna cin nasu kason, shan mai ya ƙaru a lokacin da aka cire tallafin fetur tun Mayun 2023, motar kuma tana nan kusa da ƙasa kamar yadda take, ta yadda dutsen da zai fasa mata kaskon mai a hanyar ƙauye bai san da ƙafa nawa take ja ba. Tsohuwar mota mai daraja kuwa, da zarar an yanke daɓenta, farashinta a wurin masu tara irinta ya faɗi, garin neman ƙiba an samo rama.

Doka da alhaki

Ƙasar nan ta riga ta ga sakamakon gyaran da ya taɓa ƙashin mota. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972 ake shigo da motoci masu sitiyari a dama ana juya shi zuwa hagu, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi a kan haɗarin irin waɗannan motoci idan aikin ya zo da ha'inci. Mayar da mota mai ƙafa huɗu ya fi wancan zurfi, domin ya haɗa sitiyari da birki da daɓe a lokaci guda. Ya zama wajibi mai mota ya kai ta ga jami'an duba lafiyar motoci bayan an gama, ya gyara takardunta idan an sauya inji, ya kuma sanar da kamfanin inshora, tun da ɓoye babban sauyi irin wannan yana iya zama hujjar hana biyan diyya.

Kammalawa

Wanda burinsa ratsa laka zuwa gona, jif ko a-kori-kura mai ƙafa huɗu ta fi masa sauƙi da aminci. Wanda burinsa tsohuwar motarsa ta daina zamiya da damina, ya fara da sababbin tayoyi huɗu masu zurfin zane, da shokozoba, da birki, da difaranshar baya mai hana ƙafa ɗaya juyawa ita kaɗai, domin waɗannan suna kawo mafi yawan abin da yake nema ba tare da an yanke ƙarfe ba. Wanda kuma ya nace sai ƙafa huɗu, kada ya fara sai ya mallaki 'yar'uwar motar gaba ɗaya, ya sami injiniya mai rajista da zai duba lissafi da walda. Kira na ƙarshe yana ga Jami'ar Jos da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Barikin Ladi da kwalejin koyon sana'a ta Bukuru, da su buɗe ɗakunan awonsu ga kanikawan Farin Gada da Dilimi, ga kanikawa kuma da su riƙa faɗa wa mai mota gaskiyar kuɗi da haɗarin aikin kafin su karɓi kafin alƙalami.