Masaukin Ɗalibin Babban Digiri a Garin Jami'a



Batun da zan ɗan taɓa a yau shi ne na masauki, wato inda ɗalibin digiri na biyu ko na uku zai ajiye kayansa da iyalinsa idan ya baro gida neman ilimi. Mutanen Warra da Ngaski da Shanga da sauran ƙasar Yawuri sun san sauya mazauni tun ba yau ba. Sa'ad da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, an tashi mutane fiye da dubu 40 daga tsibirai da bakin Kwara, aka gina musu sababbin gidajen siminti. Abin da iyayenmu suka gane a lokacin shi ne, gini ba ya zama gida sai da ruwa, da maƙwabta, da hanyar abinci.

To, haka al'amarin yake ga wanda ya bi ta Koko da Jega da Tambuwal ya isa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Sau da yawa irin wannan ɗalibi magidanci ne, ma'aikaci mai hutun ƙaro ilimi, ɗakin kwanan ɗalibai kuwa ba a yi shi domin mai mata da 'ya'ya ba. Tilas ya nemi haya cikin gari.

Abu na farko da zai auna shi ne nisa. Mazaunin jami'ar na dindindin yana wajen gari ne, a ƙetaren gulbi, wajen Dundaye. A ambaliyar 2010 ruwa ya yanke hanyar, zirga-zirga ta tsaya. Saboda haka gida mai araha wanda kuɗin motarsa zai cinye albashi, tsada ce a ɓoye.

Na biyu, ruwa da lantarki. Kada a dogara da maganar dillali, shi la'adarsa yake nema. A tambayi 'yan haya da ke gidan nawa suke ba mai garuwa da bazara, domin matambayi ba ya ɓata.

Na uku, yarjejeniya. Yawanci kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, don haka a rubuta, a sa shaidu, a karɓi rasit.

Na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne zama da mutane. Baƙo ya je ya gai da mai unguwa, ya riƙa halartar suna da jana'iza. Ran da yaro ya kwana da zazzaɓi, mai gida kuma yana can ɗakin karatu, maƙwabci ne zai kai shi asibiti. Hankalin da bai kwanta a gida ba, da wuya ya tsaya a kan bincike.

Ina roƙon ma'aikatanmu da ke ba da hutun karatu su riƙa sakin alawus kafin zango ya fara, domin masu gidajen haya ba sa jiran takarda ta zagaya ofisoshi.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa.